Ranar da Na Share Furen Mama Padma

Ba zan taɓa mantawa da ranar da tsaftata ta ja mini abin kunya a unguwar Queens, a Amurka ba.

Aikina kula da tsofaffi. Kullum daga titin Grand Concourse nake hawa jirgin ƙasa zuwa gidan Mama Padma, wata tsohuwa 'yar Indiya mai ciwon karkarwar hannu, ko cokali da ƙyar take riƙewa. Ran nan ta roƙe ni in tura ta a kekenta zuwa wani tsohon wurin ibadarsu na Hindu, ɗan ƙarami, maƙale a tsakanin gidaje.

Na ce ni dai a bakin ƙofa zan tsaya. Ta ce ita ma iyakarta ke nan.

Ginin ya tafi da hankalina. Hasumiya hawa-hawa, ko'ina sassaƙa. Ƙofar kuwa an zagaye ta da baƙin dutse, an fitar da furanni da giwaye kamar da allura aka yi. Na saki baki ina ta kallon sama (ni da aka ɗauka don in kalli tsohuwa!).

Da na sauke ido sai ga farin gari warwatse a kan dakalin ƙofa, Mama ta sunkuya daga kan keken, ledar garin a cinyarta. Wayyo, ta yi ɓari! Don in rufa mata asiri, na yi maza na goge shi tas da gefen mayafina. Har da cewa, "Ba komai, Mama, ba wanda ya gani."

Ta daɗe tana kallon dakalin.

"'Yata, mijina ne ya sassaƙa dutsen ƙofar nan," ta ce a hankali. "Duk shekara, ranar da ya rasu, nakan zana masa fure da garin shinkafa. Bana da ƙyar na gama. Baɗi ba na jin hannun zai yarda."

Innalillahi! Na ji kamar in nutse. Ashe abin da na kira ɓari, iyakar abin da hannunta ya iya ke nan.

Ragowar garin bai cika tafin hannu ba. Na durƙusa na riƙe mata tsintsiyar hannu, ita kuma tana zubawa. Layukan suka fito sarƙe da juna, kamar dagin da ke jikin tsofaffin gidajen Kano. Hawaye nake, ba na ko iya ɗago kai.

Ta duba, ta shafa kaina.

"Wannan ya fi kyau," ta ce. "Amma na farkon ni kaɗai na yi masa."

Tun daga ranar, ko me na gani a ƙasa, sai na tambaya kafin in share.