Taron Ceto Kwaɗo

Barira, Lurwanu, Tasalla, ku ajiye wayoyin nan ku ji ni, don ba zan maimaita ba.

Kun san an ba mu wa'adi mu tashi daga bakin tasha, za a gina shaguna a wurin da na shekara talatin ina sayar da kwaɗon zogale. Ana cikin haka Mai Unguwa ya aiko cewa manya sun shirya taron ceto kwaɗo a wani otal a birni, suna son mace ɗaya daga unguwarmu. Na ce alhamdu lillahi, ashe kukanmu ya kai sama. Na dafa zogale, na daka ƙuli-ƙuli, na yanka albasa, na cika babbar kula, don masu ceto su san abin da za su ceta.

Ina shiga zauren sai ga hotuna a bango. Ga guza, ga kunkuru, ga hawainiya, ga wani ƙaton kwaɗo ya zazzaro ido kamar ɗan kamasho. Nan na gane ba irin kwaɗona ake nufi ba, amma na zauna, tunda na riga na zo. Wani Dakta mai siririn gemu ya hau ya yi ta zuba, rabi Hausa rabi Turanci, wai ana cike kududdufai ana gini, kwaɗo ya rasa matsuguni. Har muryarsa na rawa. Wata mai jan gyale a kusa da ni ta share ƙwalla. Maciji ma, wai in ya shigo ɗaki kada a doke shi, a lallaɓa shi ya fita, sai ka ce suruki.

Na ɗaga hannu na ce, "Dakta, ni ma mai kwaɗo ce, ni ma gini zai tashe ni ranar Litinin. Ka rubuta mini takarda mai hatimi irin wadda kuke rubuta wa na ruwa."

Zaure ya kwashe da dariya. Dakta ya ce, "Baba, namu mai tsalle ne. Naki ba ya cikin tsarinmu."

Na ce, "Nawa ma ya yi tsalle, ya tsallakar da yara uku makaranta."

Ya ce, "Allah sarki. Tambaya ta gaba."

Azahar ta wuce, abincin otal shiru. La'asar ta gabato, masu ceto suka fara hamma. Sai mai jan gyalen nan ta sunkuyo ta ce, "Baba, me ke ƙamshi a kular nan?" Na buɗe. Wallahi ba cokali ba kunya. Masu kwat, masu babbar riga, kowa ya tsoma hannu. Dakta da kansa ya naɗe hannun riga, sau uku yana ƙari, har na ji farcensa na kankarar gindin kula.

To ga inda nake so ku raba ni da kawunku Ɗanjummai. Shi ya dage cewa bakina ne ya hana ni takardar, in koma in ba Daktan haƙuri kafin Litinin ko zai sa hannu. Ni kuma ban ga abin ba da haƙuri ba. Ku ji yadda muka rabu da Daktan, ku yanke mana.

Dakta ya zo yana lashe yatsa, ya ce, "Baba, ko ba komai yau kin ƙaru. In kin koma ki gaya wa matan unguwarku, kwaɗo yana ƙarewa a ƙasar nan."

Na kifa masa kular a gabansa na ce, "Zan gaya musu, Dakta. Na ga ƙarewarsa da idona, na kuma ga masu ƙarar da shi."