Maganin Kifi a Barikin Kebbe

Tsufa ya kwashe mini haƙora da rabin tunani, amma ba zan taɓa mantawa da ranar da kifayen Bature suka juya mini ciki sama a barikin Kebbe ba.

A zamanin Turawa ne. Wani Bature likitan shanu ya sauka Tambuwal, muna ce masa Mai Lofe don lofe ba ya barin bakinsa. Yana da wata ƙatuwar kwalba mai faɗin baki kamar randa, a ciki akwai 'yan kifaye uku waɗanda ko tsawon yatsa ba su kai ba. Ba na ci ba ne, na kallo ne. Sunayen 'ya'yansa uku da ya baro ƙasarsu ya sa musu, kullum da safe sai ya tsuguna ya gaishe su ɗaya-ɗaya. (Mun yi masa dariya a ɓoye, amma wanda ya taɓa nisa da ɗiyansa ya san ba abin dariya ba ne.)

Da aka ce yana neman wanda ya san ruwa ya riƙa ɗaukar kwalbar in za a fita rangadi, sai na je na tsaya gabansa na ce ni Basarke ne, a cikin kwalekwale aka yanke mini cibiya. Alhali ni ɗan Rundawa ne. Ubana mahauci, kakana mahauci, ni kuwa ruwan da ya wuce idon sawuna gaisuwar nesa muke yi da shi. Fawa ce kawai ba na so. Ranar da na bar rumfa Baba ko ɗaga kai bai yi ba, yana wasa wuƙa ya ce kafin kasuwa uku zan dawo in ci gaba da wanke hanji. Na rantse a raina ba zai ga wannan rana ba.

Muka ɗauki hanyar Kebbe, kwalba a kaina bisa gammo, ina tafiya kamar mai ƙurji a wuya. Barikin Kebbe kuwa ɗakin ciyawa ne mai 'yar taga ɗaya, da rana tsaka ma sai ka lalubi takalminka. Kwana fuɗu a wannan duhu, ciyawar da ke cikin kwalbar ta yi ɗorawa ta ruɓe, kifaye suka rasa maɓoya, suka maƙale a gindi suka daina cin abinci. Mai Lofe ya kira ni, da Hausarsa ta littafi ya ce tunda ni ɗan ruwa ne, in je gulbi in samo masa ciyawar da ba ta bukatar rana sosai. Na ce wannan ai wasan yara ne.

A bakin gulbi aka nuna mini wani tsoho masunci, Baba Manu, yana ɗinkin komar kamun kifi a inuwa. Na yi sallama, na gabatar da kaina a matsayin ɗan'uwa. Ya dube ni tun daga hula har ƙafa, ya ga inda na tsaya can nesa da gaɓa, ya ce, "Sannu da zuwa, ɗan'uwa. Wane gulbi ne naku?" Na ce na wajen Tambuwal. Ya ce madalla, ya ci gaba da ɗinkinsa yana murmushi. Ashe tun nan ya gama karanta ni.

Duk da haka bai ƙi ni ba. Ya shiga ruwa ƙarƙashin wasu itatuwa inda rana ba ta sauka, ya fito da abu biyu. Ɗaya ciyawa ce mai dogon ganye kamar na albasa, kore shar, da saiwarta da laka. Ɗayar kuwa gansakuka ce baƙa-baƙa, manne da wani guntun icce, kamar gemun tsohon bunsuru. Ya ce dukansu 'yan inuwa ne. Mai dogon ganyen ta fi kyau, sai dai tana son laka a gindi da ɗan haske ko yaya. Gansakukar ba ta da kyan gani, amma ko a rijiya ka jefa ta za ta rayu, kuma ƙananan kifi a cikinta suke ɓuya. In zaɓa.

Na juya wannan, na juya waccan, ina gyaɗa kai kamar alƙali. A raina kuwa cewa nake, ni in kai wa Bature gemun bunsuru? Na ɗauki mai ganyen albasa. Tsoho ya tambaye ni ko ɗakin akwai haske, na ce wannan ni ya dama.

Zan tafi ke nan sai na hangi wani ɗan icce a bayan bukkarsa, mai lallausan ganye da farin fure. Na tambayi sunansa. Ya ce, "Magimfa ke nan. Maganin kifi. Ai ka san shi." Na ce wa zai gaya mini, da shi aka yaye ni.

To ka ji inda na mutu. Ni da na ji magani, sai na ce kifayen Mai Lofe ba su da lafiya, ga magani Allah ya kawo. Da tsoho ya juya baya na karyo reshe biyu na tura aljihu. Da na yi tambaya ɗaya, da ta fisshe ni, amma yaya Basarke zai tambayi abin da aka yaye shi da shi?

A bariki na dasa ciyawata a cikin kwalba, na murtsuke ganyen magimfa da kyau kamar yadda ake wa ɗoɗɗoya don ƙamshi ya fito, na zuba. Sannan na je na kirawo Bature ya zo ya ga aiki. Ya zo, Fulanin da suka kawo shanu allura suka biyo shi suka cika ƙofa. Ina cikin bayani da hannu da ƙafa, sai ƙaramin kifin ya karkace, ya taso sama, ya juya farin ciki. Na biyu ya bi shi. Na uku ya ɗan yi gardama, shi ma ya miƙa wuya.

Lofe ya faɗi daga bakin Bature. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Tsugunawa ya yi yana kiran sunan ƙaramin a hankali. Ni kuwa (Allah ya yafe mini) na buɗe baki na ce barci suke yi, haka maganin yake farawa.

Sai ga Baba Manu yana haki, ƙwaryar ruwan gulbi a kai, guntun iccen gansakuka a hannu. Ya ga reshensa a karye ne ya biyo sawuna. Ya ture ni, ya tsame kifayen da tafin hannu ya sa a ƙwarya, yana ɗan kaɗa ruwan da yatsa. Ya ce a zubar da na kwalba a wanke ta sau uku, a ɗebo sabo daga tsakiyar gulbi, kuma ni zan ɗebo. Na shiga ruwa har ƙirji ina karanto duk abin da na tsira da shi daga makarantar allo, wanda bai fi aya biyar ba, mata masu wanki suna ta shewa.

Kafin in gama jigila ta uku, biyu sun farfaɗo. Ƙaramin ya daɗe, har Bature ya cire hula, sannan kifin ya motsa wutsiya.

Mai Lofe ya tambayi tsoho abin da ya faru. Na sunkuyar da kai, ina hango rumfar Baba da tulin hanji. Baba Manu ya ce da magimfa masunta ke bugar da kifi su kwashe. Sannan ya nuna ni ya ce, "Wanga ba Basarke ba ne, ranka shi daɗe, ɗan mahauta ne. Su duk dabbar da suka taɓa sai ta kwanta, gado ne." Fulani suka kwashe da dariya har da riƙe sanda. (Tsakanin masunta da mahauta akwai wasa tun kakanni, don haka ko hushi ba ni da ikon yi.) Ya ƙara da cewa rabin laifin nasa ne, shi ya ce mini magani bai faɗi wane iri ba. Kuma yaron da ya ɗauko randar gilashi daga Tambuwal bai fasa ba, wuyansa dai na aiki ne.

Bature ya daɗe yana dubana. Ya ce zan ci gaba da ɗaukar kwalba, amma daga yau hannuna a wajenta zai tsaya.

Ciyawata mai kyau ko mako ba ta yi ba a wannan duhu ta narke. Gemun bunsuru kuwa ya zagaye ƙasar nan da mu shekara biyu, kifaye na shiga suna fita a cikinsa. Ban koma wanke hanji ba, sai dai labari ya riga ni isa Tambuwal, kuma har Baba ya koma ga Allah, Sarkin Ruwa yake kirana.

Tun daga ranar, ko jikata ce ta miƙo mini abu ta ce magani ne, sai na tambaye ta, na tashi ne ko na kwanciya?