Tsinkayen Jatau

Jatau ya ba shekara arba'in baya, amma har yau abin da aka ce masa shi yake yi, ko ɗigo ba ya ragewa. Su biyu ne rak a gidan, shi da tsohuwarsa, Iya Lantana. Da wani tsiro kamar ƙwayar gyaɗa ya fito mata a bayan kunne, sai ta tuna ciwon dajin da ya ɗauke mijinta. Ba mutuwar take tsoro ba. Wa za ta bar wa Jatau?

Wata rana malamin asibitin ƙauyensu ya duba tsiron, ya kasa gane kansa. Ya ce, "Jatau, ka riƙa auna shi kullum da safe." Bai faɗi ranar dainawa ba. Kowace safiya Jatau sai ya zari tsinken tsintsiya, ya gwada, ya karya daidai tsawon tsiron, ya jefa a buhu. Ya cinye tsintsiyar gidan, har matan maƙwabta suka koma ɓoye tasu.

Wata rana Iya ta fid da rai, ta raba wa dangi awakinta, ta kira shi. "Koyi tuƙa tuwon mutum ɗaya, naka kai kaɗai." Bawan Allah ya tuƙa malmala ɗaya, ya cinye a gabanta. Haka ya ci gaba kullum. Ba ta gyara masa ba, so take ya saba. Sai ta sha kunu, ta juya ta fuskanci bango tana hawaye.

Wata rana, bayan shekara biyu, aka tura su wurin likitan fata a birni, aka ce su taho da duk abin da ya shafi ciwon. Jatau ya manta takardun, ya saɓo buhunsa. Mutane suka yi ta dariya. Likita kam, da ya ji awon tsiron ne na kullum, ya zazzage tsinkayen a tebur, ya jera, ya ga duk kansu ɗaya.

"Shekara biyu bai ƙaru ba?"

"Ko kwana ɗaya ban tsallake ba," in ji Jatau.

Aka yanki ɗan kaɗan daga tsiron aka gwada. Likita ya ce, "Iya, irin wannan ba kasafai ake ganinsa ba, amma ba daji ba ne. Ba ya kisa."

Suka koma gida, ba akuya ko ɗaya, ita kuma duk ta rame. Ta zauna a bakin murhu, ta kira shi.

"Jatau, yau tuwon mutum biyu za ka tuƙa."

"Iya, baƙo za mu yi?"

"A'a. Ni ce na dawo."