Bakacen Zinare

A shekarata ta biyu a unguwar Bronx, can ƙasar waje, sai in kwana uku ban yi magana da kowa ba in ba direban bas ba. Kaɗaicin nan ne ya kai ni ƙungiyar wasu tsofaffin Turawa masu neman zinare a rafi ranar Asabar. Na ce musu ni ɗan Zamfara ne, zinare a jininmu yake, alhali a kunnen mata kawai nake ganinsa.

Shugabansu ya miƙo min kwanon tace yashi, ya jefa ƙwayar zinaren da ya fara samu a rayuwarsa a ciki, wai sababbi su ga aikin gwani. Na tuna yadda Inna take bakacen gero a faifai, na cilla yashin sama. Komai ya bi ruwa. Tsohon ya cire hula, ya daɗe yana kallon rafin.

Da bakina na ba Malam Isufu, mai shago a unguwar Harlem, labarin. Har yau da ya hango ni sai ya ɗaga murya: "Sarkin Zinare, yau me aka bakace?"

Nakan ɓata rai. Amma kullum ta ƙofar shagonsa nake bi.