Kapon Katako

A'a, ba a tsadarsa abin yake ba, ba kuma a ƙyallinsa ba. Nan kowa ke faɗawa. Mutum zai ga kapo yana sheƙi a waya, ya danna ya saya, bai taɓa karkata jitarsa ya dubi wuyanta ba. Kapo dai ɗan matsi ne da ake maƙala wa wuyan jita, ya danne tsirkiya shida gaba ɗaya, sauti ya hau sama, yatsu su ci gaba da kama abin da suka saba. Barkono ta san wannan sarai, har koyar da mutane take yi a shafinta na intanet. Duk da haka ƙarfe biyu na rana ta faɗo shagon kakanta kafinta, jita a baya, ido jawur. Ƙarfe huɗu wata ƙungiyar mawaƙa za ta gwada ta a situdiyo, mutum ɗaya tak suke nema, waƙar da ta shirya kuwa ba ta hawa muryarta sai da kapo a gaɓa ta uku ta wuyan jitar.

"Lafiya lau, tunda na same ka da rai," ta ce, tun bai ɗago kai daga ƙafar kujerar da yake gogewa ba.

"Ai ban gaishe ki ba."

"Na rage maka wahala ne. Numfashinka ƙidayayye ne yanzu."

"Ikon Allah. Wata uku matata ba ta leƙo ni ba, yau ta goyo akwati ta zo. Korar ki aka yi?"

"Matsa min benci, tsoho. Kuma kada ka taɓa min ita da hannun nan naka mai gam."

"Hannun nan ne ya haɗa gadon da kika shekara biyar kina yi wa fitsari."

"Shi ya sa har yau bayana ke ciwo. Filaya na zo aro, ba surutu ba."

Kaka ya ture tabarau sama. "Me za ki yi da filaya?"

Ta zaro sabon kapon, baƙi sumul, jiya aka kawo mata shi. Ta maƙala, ta kaɗa. Tsirkiyoyin tsakiya suka amsa. Ta sama da ta ƙasa kuwa sai wani zizzz, kamar ƙuda a kwalba.

"Subhanallahi! Buɗe ya fita, kada ya mutu a ciki."

"Na gefe ne ba sa dannuwa. Na ƙara ɗaure sukurun, na tsakiya suka haye suka bar saiti. So nake in murɗe shi da filaya ya san da wa yake yi."

"Ke komai da ƙarfi. Ina kika samo shi?"

"A waya. Mutum dubu biyu sun yaba shi."

"Dubu biyu, duk kurame?"

"Kai da rediyo ma sai ka mare shi yake maka magana, me ka sani a kiɗa?"

"Ko kaɗan. Miƙo wuyan nan."

Ta miƙa tana harara. Ya ɗauko rular ƙarfe ya gitta ta a kan wuyan jitar, ya juya ta wajen ƙofa inda haske ke shigowa.

"Sunkuya. Me kika gani?"

"Tsoho mai hanci kamar bakin buta."

"Ƙarƙashin rular, mara kunya."

Ta duba. Rular ta zauna a tsakiya, amma gefe da gefe haske na wucewa. Wuyan yana da ɗan doro, kamar bayan cokali. Kaka ya ɗora rular a kan robar kapon. Shafe take, ko zare ba zai ratsa ba.

Barkono ta ɗago kai. Sai yanzu ta tuna ƙaramin rubutun da ta tsallake a ƙasan hoton, wai na jita mai tsirkiyar roba ne, irin mai shafaffen wuya. Tata ta ƙarfe ce. Ita da makon jiya ta wanke wani tas a shafinta don ya yi tambaya bai karanta ba.

"Bakin ya mutu?" in ji Kaka.

"Sa'a ka yi."

"Shekara hamsin ina aurar da katako da katako, yarinya. In ɗaya na da doro ɗaya shafe, ko mota kika ɗora musu gefen ba zai haɗu ba."

Ta dubi waya. Biyu da rabi. Shagon kayan kiɗa yana can ƙarshen gari, in ta je ta dawo an riga an ba wata gurbin. Ta kife wayar a kan benci.

"To in rera a ƙasa ke nan, murya kamar taka da asuba."

"Da kin ci. Zauna, kina tare min iska."

Ya tona kwandon guntaye ya zaɓo wani katako mai tauri, tsawon yatsa. Ya kama shi a matsi, ya shiga fafe cikinsa da magagari. Ya goga, ya gwada a wuyan jitar, ya leƙa haske, ya sake gogawa. Sau huɗu. Ya yanko robar cikin tayar keke ya manna a fafaffen gefen, ya kafa sukuru ɗaya a kowane baki, ya yanko wata robar doguwa da za ta zagaya bayan wuyan ta kama su.

"Da wannan zan shiga situdiyo? Tarkon ɓera?"

"Ɓera ya fi ki kunne, shi yana jin magana."

"Mutane za su ce a bola na tsinto."

"Ki ce mijinki ne ya yi miki."

"Sai su ce a bola na tsinto mijin."

Kaka ya ƙyalƙyale har tari ya sarƙe shi. Yana gama tarin ya ɗora katakon daidai kan ƙarfen gaɓa ta uku. Ta make masa hannu.

"Ba a kan ƙarfen ba, sai ka shaƙe sautin! Dab da bayansa. Ba kuma can tsakiya ba, ƙudanka zai dawo."

"To, malama." Ya matsar, ya fara naɗa roba. Ɗaya, biyu, zai yi na uku.

"Tsaya! Biyu ya isa. In ya matse da yawa sai ya ja tsirkiya ta haye."

Ya tsaya da robar a hannu, ya dube ta ta saman tabarau. "Maimaita. Wace ce ta shigo neman filaya?"

"Ban san ta ba."

Ta gyara saitin tsirkiya biyu da suka ɗan motsa, ta ja numfashi, ta kaɗa. Shida suka fita garau, kowace da bakinta. Ta sake bi ɗaya bayan ɗaya tana neman laifi, ba ta samu ba. Ta ɗauki baitin farko, muryar ta zauna daram inda take so. Kaka ya juya baya yana share teburin da ba shi da ƙura.

"Yaya ka ji?"

"Na taɓa gyara ƙofa mai tsatsa da ta fi ki daɗin murya." Yana faɗa yana cusa mata robar canji guda biyu a aljihun jakar jitar. "Uku da kwata. Tashi."

Ta laluba benci. "Ina baƙin kapona?"

Ya nuna da haɓa. Ga shi can ya cije kusurwar wata durowa da aka shafa wa gam, ya riƙe ta tsam.

"Ba ni kayana!"

"Wane kayanki? Wannan matsin kafinta ne, kuskure aka yi aka sayar wa zabiya. Kin ga yadda ya samu aikin yi?"

Dariya ta ƙwace mata. "Riƙe. Ka ci yau."

"Ƙara murya, kunnena ya tsufa."

"Ka ci, angona mara haƙori!"

Ƙarfe biyar da rabi Kaka yana haɗa kayan aiki waya ta yi ƙara.

"Tsoho, sun ɗauke ni."

"Ke ko katakona?"

"Mai jitarsu ya hana ni fita, wai sai na faɗa masa inda ake sayarwa."

"Ce masa ya kawo wuyan jitarsa in gani. Ni ba na aurar da abin da ban auna ba."

To, ku masu dannawa ku saya ido rufe: waye a cikinku ya taɓa ɗora rula a wuyan jitarsa? Ku fito ku faɗi gaskiya, ban da ƙarya.