Ranar da Na Cinye Forfen Inna

Ko da tsufa ya kwashe min komai daga kai, ba zan taɓa mantawa da safiyar sunan jikar Inna Hajiya ba. Har yau in na tuna sai na ji kunnuwana sun ɗau zafi.

Inna Hajiya yayar mahaifiyata ce, gidanta na unguwar Zariya a nan Maraɗi. 'Yarta ɗaya tilo, Rakiya, tana aure a Lome, ta kuma shekara tara ba haihuwa sai a wannan karon Allah ya ba ta 'ya mace. Inna ta so tafiya, gwiwoyi suka ce ba da su ba. Sai surukinta ya ce ta kwantar da hankalinta, ranar suna zai kira ta ta bidiyo tun daga zaman malamai har a faɗi suna a shafa fatiha, ta gani da idonta. Aka sayo mata modem, wannan ɗan akwatin da ake sa wa sim yana raba intanet a gida, aka zuba masa forfe, wato data, na wata guda cur. Ita dai akwatin rezo take ce masa, wato akwatin netwok.

Matsalar ita ce akwatin ba ya gudu. In Rakiya ta kira, sai fuskarta ta daskare, muryarta ta riƙa zuwa gutsure-gutsure. Saura kwana uku suna Inna ta aika a kira ni, don ni ne malamin lissafi a wani kwaleji a Tsibiri, kuma a dangimmu duk wanda ya iya lissafi to ya iya gyaran rediyo, da fanka, da karanta takardar likita. (Ban taɓa musa wannan zato ba. Gaskiya ma ni nake yi masa ban ruwa.)

“Mushe,” in ji ta, don haka take kirana kamar yadda ake kiran malaman lakkwal, wato na boko, “dubo mini wanga abu. Ni dai in ga ɗiyag ga ranas suna, shi kenan buƙatata.”

“Inna, ki ɗauka an gama,” na ce, tun ban ga akwatin ba.

Da na tambayi inda yake, sai ta buɗe kabad ɗinta na gilashi. Ga shi can ciki, tsakanin jerin kwanonin samira da manyan kulolin ƙarfe, an lulluɓe shi da ɗan kyalle mai aikin hannu don kada ƙura ta taɓa shi. Abu mai tsada a wurin Inna wurinsa kabad. Na ciro shi, na ɗora a kan taga, muka kira Rakiya. Tar! Har kitson kanta muna gani. Inna ta yi ta sa min albarka har da su “Allah shi ba ka mai yi maka.”

Jama'a, a nan ya kamata in sha furata in hau babur ɗina in tafi gida. Aiki ya ƙare cikin minti biyar. Amma minti biyar ɗin ne ya dame ni, don wa zai yaba wa mutumin da abin da ya yi kawai shi ne ɗauke akwati daga kabad zuwa taga?

Dama na taɓa kallon wani bidiyo inda wani bature yake bayanin cewa irin wannan modem yana iya kama hanyoyi biyu ko uku na eriya a lokaci guda ya haɗa su, gudu ya ninka. In ya yi haka sai ka ga alamar ƙari ta fito kusa da 4G. Na duba na Inna, babu ƙari. Na gyara murya na ce mata har yanzu da sauran aiki, akwatinta da sa guda yake jan amalanke alhali an yi shi ne don shanu biyu.

“To ba ga shi muna ganinta ba?” ta ce.

“Ranar suna rezo cika yake yi, Inna. Sai da ƙari.”

Abu na farko da na yi shi ne na canza kod ɗin shiga akwatin, na kori kowa daga kai: surukan gida, masu haya, har maigadi. Na ce forfen nan na suna ne, ba na kallon wasan kwaikwayo ba. An yi ta harara ta, ni kuwa ina jin kaina kamar kwamandan jandarma. Waya ɗaya ce ta rage a kan akwatin, tawa.

Daga nan na shiga gwajin gudu. Akwai wata manhaja mai allura kamar ta babur, ka danna ta tashi ta nuna maka ƙarfin rezo. Na gwada a taga, na gwada a kan firji, na gwada a bisa katanga. Na shiga cikin saitin akwatin ina kulle wannan hanya ina buɗe waccan, kowane canji sai na gwada sau uku don in fitar da matsakaici, ai ka san mu da lissafi. Ƙarin ya kan leƙo ya ɓace. Washegari na saka akwatin a jaka (yana da ɗan batirinsa a ciki) na tafi da shi makaranta Tsibiri, duk lokacin hutu ina tsaye a ƙarƙashin bishiyar bedi ina ɗaga shi sama. Da yamma wani abokin aikina ya ce ai eriyar ƙauyen Jiratawa ba ta da cunkoso, sai na kama hanya. A can, a gefen wata gonar zogale, ƙari ya fito ya zauna daram, allura ta yi sama har ta kusa kwantawa. Na yi ta dannawa don daɗi. Wani dattijo mai ban ruwa ya daɗe yana kallona, can ya ce, “Malam, ruwa kake nema ko zinariya?”

Ban tsaya na tambayi kaina amfanin ƙarin Jiratawa ga falon da ke Zariya ba. Na dawo na ce wa Inna an gama, ta gayyaci duk wadda take so, zan haɗa kiran da babbar tele kowa ya gani.

Ta kuwa gayyata. Ranar Asabar tun bakwai na safe falo ya cika da ƙawayenta, an sha lesuka, turaren wuta na tashi, ga masa da miya, ga goro da dabino a faranti kamar a nan ake sunan. Cikinsu har da Madam Zuwaira, tsohuwar shugabar makarantar firamare wadda ta koyar da ni a aji uku, mace mai tabarau da ba ta taɓa barin kuskure ya wuce ba. Na sa shaddata mai ruwan sama. Kafin kira ya shigo har ɗan jawabi na yi musu a kan haɗa hanyoyi biyu, suna ta gyaɗa kai.

Kira ya shigo, hoto ya fito garau. Ga malamai zaune a kan tabarmi a Lome, ga liman yana gyara rawani. Mata suka ɗau guɗa. Inna ta matso bakin kujera tana share ido. Surukinta ya ce bari ya nuna mana ragon suna kafin a fara, ya juya waya. Muka ji liman ya ce a yi salati.

Sai hoto ya tsaya. A kan rago. Ba ma fuskarsa ba, bayansa, ya cika tele tun daga wannan gefe har wancan.

“Mushe, mi ya hwaru?” in ji Inna.

“Yanzu zai dawo, Inna.”

Bai dawo ba. Na kashe akwatin na kunna, gumi na bin bayana. Na buɗe shafin akwatin don in ga abin da ke faruwa, na manta wayata tana haɗe da tele, duk abin da nake gani kowa na gani. Wani saƙo ya fito da Faransanci. Madam Zuwaira ta gyara tabarau ta karanta shi da ƙarfi, sannan ta fassara wa jama'a kamar tana aji.

“Sun ce forfe ya ƙare ƙarƙaf.”

“Na wata guda?” in ji Inna. “Cikin satin ga hwa anka zuba shi! Wa ya sha shi?”

“Ɗan sauko ƙasa, Mushe,” in ji Madam Zuwaira, “ga jerin waɗanda sunka yi aiki da shi nan.”

Na sauko. Layi ɗaya ne tak a jerin, sunan da na raɗa wa wayata da kaina: Babban Injiniya. A nan na fahimci abin da baturen bidiyo bai faɗa ba, ko ya faɗa ban saurara ba: duk sanda allurar nan ta tashi, forfe take ci, kuma iya gudunta iya cinta. Na danna ta fiye da sau ɗari. Wayata kuwa ba ta da nata ko ƙwaya, kwana uku a jikin akwatin Inna nake tsotso.

Kafin Madam Zuwaira ta lalubo lambar surukin Inna ta kira da tata wayar, an shafa fatiha, malamai sun miƙe. Ta ƙaramar wayar Inna mai madannai Rakiya ta kira ta gaya mata an sa wa yarinya Hadiza, sunan Inna ke nan. Inna ta riƙe waya a kunne tana hawaye, ga bayan rago ya sake cika tele tun da na rufe shafin akwatin. Ba wanda ya ɗauki bidiyon wurin a can, don kowa ya san tana kallo. Wannan shi ya fi yi min ciwo, kuma har yau yana yi.

Na durƙusa gabanta ina ƙoƙarin bayanin cewa gwaji ne, don in tabbatar komai lafiya. Ta share fuska da gefen mayafi ta dube ni.

“Na gane, ɗan nan. An ba ka miya ka ɗanɗana gishiri, ka yi ta ɗanɗanawa har ka ga gindin tukunya.”

Falo ya fashe da dariya, har masu hawaye. Ni kaɗai ne ban samu abin dariya ba.

Hadiza ƙarama yanzu tana gudu da ƙafarta, kuma duk gidan ba wanda ke kirana Mushe, sai Mai Ɗanɗano. Abin da na koya shi ne, in abu ya gyaru, ka cire hannunka ka karɓi albarkarka ka tafi. Kwanan baya fankar Inna ta fara ƙara, na miƙe zan duba. Ba ta ko ɗaga kai ba ta ce in zauna, zahin ya hi mata sauƙi.