Ranar da Baban Ƙamus Ya Yi wa Injiniyoyi Bayani

Akwai rubutu a tafin hannun hagu na Malam Sha'aibu. Na gani lokacin da nake miƙa wa baƙi ruwa: kalmomi uku da shuɗin biro, zufa ta fara cin gefensu. Sauran jama'a ba su lura ba, don ƙaton ƙamus ɗin da ke hammatarsa suke kallo.

Allah ya yi wa ƙauyenmu baiwa da wannan bawa nasa. Daga Zurmi har Shinkafi babu mai iliminsa, kuma shi da kansa ya tabbatar da hakan sau da yawa. Shi ne sakataren ƙungiyar ci gaban ƙauye. Mutane na kiransa Baban Ƙamus, shi kuma yana amsawa da murna, ya ɗauka sarauta ce. Ko barkono ya je saye a kasuwar Dauran, sai ya sanar da mai tallan cewa yajinsa “potent” ne, daga kalmar Latin mai nufin iko.

Matsalarmu ba ta da Latin. Wani rafi ne ya gitta hanyarmu. Da rani yashi ne kawai, amma da an yi ruwa sai ya cika ya raba mu da asibiti da kasuwa, wani lokaci kwana uku. A bana aka turo injiniyoyi biyu su duba ƙauyuka uku, su zaɓi ɗaya da za a yi wa gada. Sun ratso rafin yana bushe, ko tayar motarsu ba ta jiƙe ba. Don haka maigari ya shirya abu biyu: Inna Saude ungozoma ta faɗi yadda aka haye da mai naƙuda a kan ƙyauren ɗaki bara, sannan a kai baƙin gindin tsamiyar bakin rafi su ga inda ruwa ke kaiwa a jikinta. Babban injiniyan ya dubi hadarin gabas ya ce rabin awa gare su.

Malam Sha'aibu ya miƙe don gabatarwa ta minti biyu.

“Ya ku manyan baƙi, gadar da muke buƙata ‘robust’ ce. Kun san asalin kalmar? Daga ‘robur’ take, wani icce mai tauri a ƙasar Rumawa. Ku ɗauka kirya ce ta yi boko.”

Ya tsaya a yi tafi. Akuya ta yi kuka a bayan masallaci.

Injiniyoyin nan duka Hausawa ne, ƙaramin ma ɗan Kaura Namoda ne. Ya buɗe takardarsa ya ce, “Malam, kwana nawa hanya ke yankewa a shekara?”

“Zan zo nan, ɗana. Ba a gina hujja daga rufi.” Ya saci kallon tafinsa. “Hujjarmu ‘cogent’ ce. Daga ‘cogere’, wato a tattaro a kora gaba ɗaya. Haka magana mai ƙarfi take kora zukata.”

Sanda, wani dattijon makiyayi da ya bar shanunsa don taron, ya ce, “Ashe kiwo ne. To Malam, koro ta mu kai ga rahin mana, hadari ya taso.”

Aka yi dariya. Baban Ƙamus ya murmusa irin murmushin da ake wa yara, ya shiga kalma ta uku, “valid”, wadda ya ce daga “valere” take, ƙarfi da lafiya. A nan ya yi adalci, ya ba wa kalmar minti goma nata na kanta. Inna Saude ta miƙe sau biyu tana gyara mayafi, sau biyu yana ɗaga mata hannu, hannun dama, don na hagun yana aiki.

“Ni dai ban san mi anka tara mu yi ba,” in ji ta, ta koma ta zauna.

Aka yi tsawa. Babban injiniyan ya rufe takardarsa, ya yi godiya, ya ce lallai ya ƙaru. Ina kusa da shi, na ga gurbin da aka tanada don bayanin rafi. Fari fat. Suka shiga mota da sauri don kada ruwa ya tare su, ba su ga tsamiyar ba.

Daga baya muka ji cewa a ƙauye na gaba wani tsoho ne ya ja su zuwa bakin nasu rafin cikin yayyafi, ya nuna da sanda ya ce, “Nan yac ci jakina.” Su aka ba gadar.

Malam Sha'aibu bai ga laifin kowa ba sai ƙarancin ilimin injiniyoyin zamani. A ranar ma, jama'a na watsewa ya bi maigari yana tambaya ko ya lura da yadda baƙin suka yi tsit. Maigari ya ce ya lura.

Da la'asar ruwa ya ɗauke, rafi ya kawo har ƙugu. Malam yana da ɗaurin aure a Dauran washegari da sassafe, dole ya kwana can. Na hango shi a bakin ruwa. Ya tuɓe takalma, ya naɗe wando, ya ɗora ƙamus a ka, ya shiga yana lalube da ƙafa.